Sunan da Aka Sa Mini a Zangon Faraku

Da hantsi muka shiga Faraku a bayan wata motar albasa da ta ɗauko mu daga Malanbil. 'Yan shekaru kaɗan ke nan da ƙasar Dahomi ta sami mulkin kai, har sojoji sun fara juya gwamnati. Sunana Hamisu, mahauci ɗan mahauci, mutumin Jega. Shekarata ashirin da shida a lokacin, na bar mata da 'ya guda a gidan mahaifiyata. Guzurina bai wuce tabarma da wuƙaƙe uku naɗe cikin fata ba, sai wani kati da nake ji da shi fiye da komai.

Katin na ƙungiyar mahauta ne ta Kaduna, inda na yi aiki shekara uku. Akwai hotona a jiki, a ƙarƙashin hoton an buga kalmar Turanci ta member, wadda mu muka mayar da ita mamba. Na yi elementare har aji huɗu, saboda haka na san abin da ake nufi: kai ɗan ciki ne, da kai ake shawara, in ka faɗi za a ɗaga ka. A Kaduna katin nan ya buɗe mini ƙofar mayanka. Na ɗauka ko'ina haka ne.

Aka nuna mini gidan Sarkin Fawa a Zango. Sunansa Gado, ƙato ne mai tsagen fuska, yana zaune a zaure mahauta sun kewaye shi. Na tuɓe takalmi, na durƙusa na yi gaisuwa, na faɗi garinmu da sunan ubana. Sannan na miƙa katin da hannu biyu.

Ya juya shi gaba da baya. Ya ce, "Mene ne wannan?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, shaida ce. Ni mamba ne."

"Kai me?"

"Mamba, ranka ya daɗe. Wato ɗan ƙungiya."

Wani mai ido ɗaya da ke gefensa, wanda daga baya na san sunansa Sabi, ya bushe da dariya. Ya faɗi wata magana da Dandanci, yaren da ake yi a garin, zauren ya ɗauka gaba ɗaya. Sarkin Fawa ya jefo mini katin ya faɗi a gabana. Ya ce, "Mu nan ba mu san takardar Ingilishi ba. Uban wa ka sani a garin nan? Wa ya yi wa kakanka wanka? Fawa a Faraku gado ce. In kana son abinci, ga kayan ciki can a bakin rafi."

Daga ranar sunana ya ɓace. Ban ƙara jin an ce Hamisu ba. "Mamba, ɗauko ƙafafun nan." "Mamba, fatar nan ta yi wari." Matan da ke sayar da yaji a bakin mayanka suka ɗauka, masu amalanke suka ɗauka. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda suka juya kalmar. Duk baƙon da ya zo ba shi da kowa, ko daga ina ya fito, sai su ce, "Wani mamba ne." Kalmar da na kawo don ta shigar da ni ciki, ita ce ta zama sunan ɗan waje.

Wata bakwai na yi ban riƙe wuƙar yanka ba. Ina wanke tumbi da hanji, ina jan fatu zuwa inda ake shanya, hannuwana suka jiƙe suka tsattsage. Hausa muke yi duka, amma in na matso sai a koma Dandanci ko Faransanci. In aka kawo abincin rana, su zauna su kewaye akushi, ni a zuba mini a murfi. A masallaci kaɗai kafaɗata take taɓa ta wani, da an yi sallama kuwa sai a matsa. Wata rana na ji wani direba yana magana da irin harshenmu na Kabi a tasha, na bi shi a baya har bakin motarsa don kawai in ƙara ji. Ban ce masa komai ba. Na koma bakin rafi ina tuna 'yata, wadda na bari tana rarrafe.

Mutum ɗaya ce ta dube ni da idon rahama, kuma ba Bahaushiya ba ce. Wata Babarba ce, 'yar asalin ƙasar, mai tuwon doya a unguwar Kpebiye, ana ce mata Iya Bake, ni nake kai mata kayan ciki. Ba ta jin Hausa sosai. Da ta ga hannuna sai ta kama shi, ta shafa mini man kaɗe, ta ƙulla mini saura a ganye. Ta tambaye ni sunana na gaskiya, ba ta iya faɗinsa daidai ba, tana cewa Amisu. Ko hakan ya fi mini daɗi.

Ran nan bayan sallar la'asar Sabi ya dafa kafaɗata, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, "Sarki na kira."

Na tarar da Sarkin Fawa fuska a sake. Ya ce in zauna a kan tabarma, ba a ƙasa ba. Ya ce, "Mun ga haƙurinka. Gobe za ka yi yanka. Akwai sa a Turu na surukina, kai za ka kayar da shi, kuma mun ba ka tebur a kasuwa. Yau ka zama namu." Aka kawo tuwo, ya ce in sa hannu a akushinsa. Na sa hannu na ci, wallahi har da ƙwalla.

Turu can bayan gari take. Da gari ya waye muka isa, ni da Sabi. Tun daga nesa na ga san ba lafiya gare shi ba, ya rame, yana tari, kansa a ƙasa. Kuma na san doka, yanka a mayankar gwamnati ake yi, likitan dabbobi ya duba ya buga hatimin shuɗi a kan naman. Na ce, "Sabi, me ya sa ba a kai shi mayanka ba?"

Ya ce, "Kai ka zo koya mana fawa?"

Na yanka. Da na buɗe ƙirji sai na ga huhun ya manne da haƙarƙari, duk ƙuraje farare kamar an watsa gero. Ubana in ya ga irin wannan, rami yake sawa a haƙa a binne naman. Na ɗaga kai na dubi Sabi. Ya ce, "Yanke ka jefar, sauran lafiya lau. Ko ka fi son bakin rafi?"

Ba zan yi wa kaina ƙarya ba a wannan shekarun nawa. Na san abin da na gani, kuma na yi shiru. Tuwon jiya ne ya rufe mini baki. Na cire huhun na binne, na kankare haƙarƙarin, muka loda naman a amalanke.

Ban kai ga sayar da ko cinya ɗaya ba likitan dabbobi ya tsaya a kaina, da 'yan sanda biyu a bayansa. Ashe tun mako guda ya sami labarin akwai sa mai ciwo a hannun mahautan Zango, ya rantse sai ya ga wanda zai yanka shi. Su kuma sun san da haka. Ko dai naman ya shige su ci riba, ko a kama wanda ba a rasa komai in an kama shi. Likitan ya juya naman, babu hatimi. Ya duba haƙarƙarin ya ga inda na kankare. Aka aika aka kira Sarkin Fawa.

Ya zo yana tafiya a hankali, ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. Ya ce wa tafinta, "Faɗa wa likita wannan ba namu ba ne. Ba mu san inda ya samo nama ba. Mamba ne."

Na ce, "Ranka ya daɗe, jiya fa ka ce..."

Sabi ya kai mini mari a baki. Mahauta suka taso, waɗanda muka yi wata bakwai tare, suna "Ɓarawo! Mai yankan mushe!" Wata mata ta jefe ni da ƙashi. Da ba don 'yan sandan ba, ban san yadda za a ƙare ba.

A ofishin 'yan sanda maganar ta sake kama wata hanya. Kwamishinan mutumin kudu ne, ba ya jin Hausa, amma ya ji kalmar mamba ana ta maimaita ta, ita kuwa akwai irinta a Faransanci. Aka caje ni aka sami katin. Ya ɗaga shi sama yana tambaya, tafinta na juya mini: "Mamban me? Wace jam'iyya? Wa ya aiko ka daga ƙasar Ingilishi, can Najeriya?" Lokacin an hana jam'iyyu, ana kama mutane a kan abin da bai kai wannan ba. Na yi rantsuwa, na kwaikwayi yanka da hannu, na ce ƙungiyar nama ce. Ba wanda ya iya karanta Turancin da ke jiki. Aka yi mini dukan da ya sa har yau kunnena na hagu ba ya ji sosai, aka jefa ni ɗaki.

Mu takwas ne a ɗakin. A cikinsu akwai wani dattijo siriri mai furfura a gemu, tabarau ɗinsa a karye an ɗaure da zare. Shi ya jiƙa gefen rigarsa ya goge mini jini. Ya ce sunansa Tijjani, mutumin Jugu, malamin makarantar boko ne, an kama shi saboda wata takarda da ya rubuta wa hukuma. Ya yi karatu a Gana, yana jin Turanci da Faransanci da Larabci. Na ba shi labarina tun daga zaure har kasuwa. Bai yi dariya ba sai da na zo kan sunan.

Ya ce, "Ka san daga ina kalmar nan ta fito?"

Na ce, "Turanci ce, Malam."

"Su ma aro suka yi. Daga Faransawa suka karɓa, shi ya sa kwamishina ya gane ta. Faransawa kuma sun gaje ta daga harshen Rumawa na dā. A can asalinta ba ta da alaƙa da kati ko ƙungiya. Gaɓa take nufi, hannu ko ƙafa, yanki na jiki. Daga baya aka ce jama'a ma ai kamar jiki ce, kowa gaɓa ne a cikinta. Larabawa ma kalma ɗaya suke amfani da ita ga gaɓar jiki da ɗan ƙungiya."

Na ce, "To ni da nake saran gaɓoɓi tun ina ƙarami, ban sani ba."

Ya ce, "Yanzu ka sani. Amma takarda ba ta sa mutum ya zama gaɓa, Hamisu. Sai in an soke ka wani ya ce wayyo."

Shi ne ya cece ni. A kwana na shida aka fito da shi don tambayoyi, ya roƙi kwamishina ya nuna masa katin, ya karanta masa shi kalma kalma da Faransanci. A kwana na tara aka kira ni. Aka ce an ƙwace wuƙaƙena da katin, kuma in bar Faraku kafin faɗuwar rana, in aka sake ganina gidan yari ne.

Kafin in fita Malam Tijjani ya riƙe hannuna. Ya ce, "Ina da roƙo. Jibi za a wuce da ni kudu, ban san ina ba. Mahaifiyata tana Jugu, a unguwar Wangara, gidan Alhaji Sidi, wana. Ta makance, kuma na tabbata ba a gaya mata komai ba. Ka je ka ce mata ina raye. Da bakinka, a kunnenta. Kada ka ba wani saƙon."

Hanyar gida arewa take, Jugu kuwa yamma. Na tsaya a tasha ina kallon motocin Malanbil, zuciyata na cewa in hau. Iya Bake ta ƙulla mini doya gasassa, ta roƙi wani direban motar auduga mai zuwa Jugu ya ɗauke ni. Ya sauke ni a rabin hanya da motar ta lalace, sauran na taka da ƙafa kwana biyu, kunnena na zubar da ruwa. Wani Bafulatani ya ba ni nono a ruga bai tambaye ni ko daga ina nake ba.

Gidan Alhaji Sidi babba ne, na tsofaffin fataken goro waɗanda kakanninsu suka bi hanyar Gwanja suka yada zango a nan tun kafin zuwan Nasara. Ƙamshin goro da na ganyen da ake naɗe shi ya cika zauren. Alhajin na zaune yana duba goron da aka kwance. Na yi sallama, na ce daga Faraku nake, Malam Tijjani ne ya aiko ni wurin Inna.

Bai amsa sallamar ba. Ya dubi waɗanda ke zauren, suka tashi suka fita ɗaya ɗaya. Ya ce, "Ba mu da Tijjani a gidan nan."

Na ce, "Alhaji, ƙaninka, malamin makaranta."

"Na ce ba mu da shi. Shekara nawa muna ciniki da kowace hukuma lafiya, shi ya ɗauki alƙalami zai jawo mana gobara. Jandarmomin hukuma sun zo bincike nan sau biyu. Tsohuwa ta san yana Gana yana koyarwa, haka za ta ci gaba da sani. Kai kuma in na ƙara ganin ƙafarka a ƙofar nan, ni da kaina zan miƙa ka."

Na fito. Tijjanin da aka haifa a cikin gidan, aka yanke masa cibiya a ciki, shi ke nan ake wa haka.

Labarina ya riga ni isa Jugu, don mahauta ba su da sirri tsakanin gari da gari. Na je wurinsu neman ko da wankin tumbi, babbansu ya ce, "Kai ne Mamban Faraku mai yankan mushe? Wuce." Na koma dako a kasuwa, ina ɗaukar buhunan dawa da na doya, ina kwana a rumfar wani maƙeri. Kullum sai na bi ta ƙofar gidan Alhaji daga nesa. Na gwada wata mai kai musu ruwa, ta ce ba ruwanta. Na gwada limamin unguwar, ya ce maganar cikin gida ba a shiga. Wata biyu na yi a haka. Sau da dama na ce in tafi, ai na yi iyakar ƙoƙarina. Sai in tuna rigar da Malam Tijjani ya jiƙa ya goge mini fuska.

Babbar Salla ta zo. Gidan Alhaji raguna biyar suke yankawa da sa guda, mahauta kuwa ranar kowa na nemansu. Maƙerin da nake kwana wurinsa ya ji uwargidan Alhaji ta aiko neman mai fiɗa, ya ara mini wuƙa, ya ce, "Alhaji yana wurin gaisuwar sarki har azahar. Ka san abin da za ka yi."

Na naɗa rawani na rufe rabin fuskata, aka shigar da ni tsakar gida. Na fara fiɗa, idona na yawo. Can ƙarƙashin bishiyar darbejiya na hango wata tsohuwa ƙarama a kan buzu, idanunta fari fat, tana jan carbi. Da na gama rago na biyu sai na ɗauki hanta a faranti kamar an aike ni, na je na durƙusa kusa da ita.

Na ce, "Inna, barka da salla. Tijjani ya ce in gaya miki yana raye."

Carbin ya tsaya. Ta lalubo hannuna ta riƙe gam. Ta ce, "Yana ina?"

Ban iya yi mata ƙarya ba. Na ce, "A tsare yake, Inna. Mun zauna ɗaki ɗaya a Faraku. An wuce da shi kudu."

Ta ce, "Na sani ba Gana yake ba. Da yana Gana da ya rubuto. Sun doke shi?"

"Ban ga alamar duka a jikinsa ba."

"Yana cin abinci? Tun yana ƙarami ba ya son ci."

Ina cikin ba ta amsa Alhaji Sidi ya shigo, ya dawo da wuri. Ya gane ni nan take. Ya daka tsawa, ya fizgo ni da wuyan riga har rawanin ya faɗi, yana kiran mutanen gida su riƙe ni a kira jandarma. Mata suka firfito daga ɗakuna.

Tsohuwar ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Sidi."

Ya tsaya.

"Sake shi. Wata nawa kana gaishe ni safe da yamma da ƙarya a bakinka, sai baƙo ne ya zo ya faɗa mini gaskiya." Ta juya fuskarta wajen matan. "Kowace shekara ana ware wa Tijjani ƙafar gaba ta ragona. Ku cire ta ku ba mutumin nan."

Ba wanda ya motsa sai da ta maimaita. Uwargidan ce da kanta ta ɗauko ta naɗe a ganye ta miƙo mini, ba ta dube ni ba. Alhaji ya raka ni har zaure. Ya ce da ni ƙasa ƙasa, "Ka karya mata zuciya ranar salla, Allah ya isa. Gobe in rana ta fito ta same ka a Jugu, ka kuka da kanka." Har yau ban san ko shi ne mai gaskiya a wannan ba.

Ban ci naman ba sai ɗan abin da ya maƙale a ƙashi, wanda muka dafa da maƙeri. Sauran na yanyanka shi falle falle, na sa gishiri, na shanya a kan wutar maƙera ya bushe. Washegari a tasha na sami wani direba mai zuwa Kwatano, can kudu. Na ba shi ƙullin, na faɗa masa sunan Malam da kamanninsa, na ce ya tambaya a gidan yari, ya ce daga mahaifiyar Malam ne. Ya karɓa ya cusa ƙarƙashin kujerarsa, ya ce in Allah ya yarda.

Ni kuma na hau motar arewa. Na isa Jega hannu wofi, 'yata ta gudu ta ɓuya bayan uwarta da ta gan ni. Na yi shekaru ina tambayar duk direban da ya fito daga Dahomi labarin wani malami mai karyayyen tabarau. Ba wanda ya san shi. Ban sani ba ko naman ya kai gare shi, ko direban ya cinye abinsa a hanya.